Yadda muka karɓi Toka, ɗan kwikwiyon da aka tsinta a juji

Tun da mutane suka fara ganin kare a gidanmu ake ta yi min tambaya, wasu da faɗa wai me ya kai ni, wasu kuma sai mun keɓe suke cewa su ma suna so amma ba su san ta inda ake farawa ba kuma suna tsoron bakin mutane. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda muka bi tun daga farko, har da inda na yi kuskure, don akwai kuskuren da ya kusa kashe shi kuma nawa ne ba na kowa ba.

Mun tare a gidanmu can bayan Arkilla a Sakkwato, unguwa ce da ba ta gama cika ba, kango ta hagu kango ta dama, in dare ya yi aka ɗauke wuta shiru kake ji kamar kana daji. Cikin wata 4 sau biyu ana haura mana katanga, na farko aka kwance injin jan ruwa, na biyu aka tafi da tunkiyar Inna da ɗan ragon da take kiwo don layya. Tun daga nan uwargida ta daina barcin kirki in na yi tafiya, ni kuma aikina yakan kai ni Illela ko Tambuwal in kwana ɗaya ko biyu. To wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kowa, kuma gaskiya ne. Amma akwai na biyu wanda ya fi ci min rai. Ɗana na tsakiya shekararsa 10, yana da in'ina, a tsohuwar unguwarmu yara sun saba da shi ba mai kulawa, da muka dawo nan sabuwar makaranta sai aka sa shi a gaba da kwaikwayo, yaron da ke cika gida da surutu ya koma in ya dawo sai ya ajiye jaka ya zauna bayan ɗaki yana zane a ƙasa da tsinke. Duk uban da ya ga haka ya san abin da nake nufi.

Ana cikin haka wani ƙanen abokina, likitan dabbobi ne da ya yi karatu nan jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya nuna min hoton wani ɗan kwikwiyo a wayarsa. Ya ce wajen kasuwar Kara ya je duba wasu shanu, yana dawowa ya ga yara sun ɗaure wani abu da waya a wuya suna ja a kan juji wasu na jifa, ya tsaya ya lallashe su ya ba su ɗan na alewa suka sake shi. Duk jikinsa toka, gashi ya zube rabi saboda ƙazuwa, cikin kunnuwa kaska sun yi cincirindo, ciki ya kumbura tim da tsutsa ga haƙarƙari a waje kana iya ƙirgawa. Sati 3 yana jinyarsa a gidan da yake haya, yanzu mai gidan ya ce ba zai yiwu ba, yana neman wanda zai riƙe shi tsakani da Allah. Ya ce Yaya ba sayarwa nake ba, amma kuma ba kowa zan ba ba.

Ban ce masa e ba ban ce a'a ba. Wajen malaminmu na fara zuwa bayan sallar isha'i, don ni ba zan shigo da abin da zai taɓa min addini ba komai amfaninsa. Malam bai yi min gaggawa ba. Ya kawo hadisin da ya ce wanda ya riƙi kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kowace rana, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, ya ce waɗannan ingantattu ne kar wani ya ruɗe ka. Ya ce a Risala ma an hana ajiye kare a gidajen cikin gari. Sannan ya ba ni labarin da masu sharhin Risalar suke kawowa, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron a cutar da shi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Imam Malik ya riski wannan zamanin da zaki zai ajiye. Don haka malamai da yawa sun ƙiyasta tsaron gida a kan tsaron gona da dabbobi in akwai buƙata ta gaskiya. Kan maganar najasa kuma ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallagi a ciki bin umarnin Annabi ne (SAW), su Shafi'iyya ne suke ganinsa najasa mai kauri. Abin da ya ƙare da shi shi ne ya fi zauna min. Ya ce in ka ɗauko shi ya zama amana a wuyanka, ka tuna mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, ka kuma tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. In ka san ɗaure shi za ka yi a rana ka manta, bar shi inda yake.

Uwargida ba ta ba ni wuya ba, sharaɗinta kawai kar ya shigo mata ɗaki ko madafa. Inna ce aikin. Ina gama bayani ta ce mi za ka yi da wanga abu cikin gidan ga, ni hwa ba a kawo mini kare inda nika salla. Na faɗa mata abin da Malam ya ce, na tuna mata tunkiyarta, na yi mata alkawari ba zai taka ko bakin ƙofarta ba. Kwana biyu ba ta ce komai ba, rana ta uku ina fita masallaci da asuba ta ce in kun kawo shi ku aje shi can baya, kuma in ya ciji ɗiyan mutane kai ka sani. Wannan shi ne izinin da na samu kuma na karɓa hannu biyu. Na kuma bi maƙwabtana uku na kusa na shaida musu tun kafin ya zo, biyu suka ce ai mu ma zai amfane mu, ɗaya ya ce shi dai kajinsa yake ji.

Na ɗauka zuwa kawai zan yi in ɗauko, ashe likita ma da nasa tambayoyin. Sai da ya zo gidan da kansa ya zagaya, ya duba katanga ko akwai kafar da zai fita, ya duba ƙarƙashin get, ya tambayi wa zai riƙa ba shi abinci in na yi tafiya, yara nawa ne kuma ƙaramin shekararsa nawa, zan iya kuɗin allura duk shekara ko kuwa sai an ga dama. Ya ce kare yakan yi shekara 10 har fiye, ba rago ba ne da za a yanka da salla a huta. Ya kuma sa na yi masa alkawari in wata rana muka gaji ko muka tashi, in dawo masa da shi, kar in sa shi a buhu in kai bayan gari in yar kamar yadda ake yi. Wallahi na ji daɗin wannan tsananin nasa, ya sa na san ba wasa na zo yi ba.

Ranar da muka je ganinsa da ɗan nawa na tafi. Yana cikin wani kwali a lungu, gashi ya fara tsirowa ja-ja kamar ƙasar jigawa, bakinsa baƙi, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wuyansa da tabon wayar nan zagaye har yau yana nan gashi bai rufe shi duka ba. Da ya ga mun matso sai ya manne da bango yana rawar jiki ya saki fitsari. Likita ya ce kar wanda ya miƙa hannu ta saman kansa, hannun da ya sani daga sama duka yake kawowa, ku tsuguna ku bar shi ya zo da kansa. Yaron ya zauna dirshan a siminti ya ajiye hannunsa a ƙasa bai ce komai ba. Mun fi minti 20 a haka ni da likita muna hira ƙasa-ƙasa, can sai ga shi ya fito yana jan ciki, ya shinshina yatsun yaron ya koma, ya sake dawowa, a karo na uku ya ɗora haɓarsa a gwiwarsa. Yaron ya ɗago ya dube ni, ban ga irin wannan fuskar a wajensa ba tun da muka tare.

Likita ya buɗe bakinsa ya nuna mana haƙoran nono ƙanana masu tsini kamar allura, guda 28 ne, ya ce da su ake gane shekaru, wannan bai wuce sati 10 ba, zai fara famfara wajen wata 4, kafin wata 7 manyan guda 42 sun gama fitowa. Ruwa biyu ne, dogayen ƙafafun da siririn ƙugun irin na karnukan farautarmu ne, masu kama da na Buzaye da ake gani in an ƙetara Nijar ta Konni, baƙin bakin da faɗin kan kuma ya ce da alama akwai jinin Alseshan irin na 'yan sanda a jikinsa. Maganar suna, yara suka ce Ajuji tunda a juji aka same shi, Inna ta ce kul, sunan mutane ne tana da ƙawa mai wannan sunan. Sai Auta ta ce Toka, shi ke nan ya bi shi.

Kafin mu kawo shi na sa an yi masa ɗan ɗaki a bayan gida ƙarƙashin dogonyaro, bulo layi huɗu, gaba a buɗe da raga, ƙasa siminti da ɗan gangare don wanki. Magini ya so ya rufa da kwano kawai na ce a'a, wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san kwano tanda ne, aka ɗora zana biyu a sama. Na sayo kwanoni biyu na silba nasa shi kaɗai, da soso da bokiti nasa, ba sa haɗuwa da kayan gida ko a wajen wanke-wanke. Dokokin gida muka zauna muka faɗa wa yara a gaban Inna, ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarma ko darduma, ba a barinsa ya lashi fuska, duk wanda ya taɓa shi sabulu kafin ya taɓa abinci, kashinsa kuma a kwashe kullum da safe a binne don tsutsar cikin kare tana kama yara masu wasa da ƙasa.

Tsakiyar Disamba ne muka kawo shi, hunturu ya kankama. Daren farko kuka ya yi ta yi har wajen ƙarfe 3, irin siririn kukan nan mai shiga rai, ina kwance ina jin Inna tana tari a ɗakinta na san ba ta yi barci ba. Na fita na tarar ya ƙi hawa buhun da muka shimfiɗa yana maƙure a kusurwa sanyi na kaɗa shi. Washegari yaron ya ɗauko tsohuwar rigar sanyinsa da ta yi masa kaɗan ya shimfiɗa masa, daren nan kukan ya ragu, a na huɗu shiru.

Yanzu maganar allura, wadda ita ce nake roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe ko da ya manta sauran. Tsoron da mutanenmu ke yi wa kare ba na banza ba ne, ciwon haukan kare gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun suka riga suka bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da fizge-fizge, to sai dai addu'a. Amma allura tana hana shi, ana yi wa kwikwiyo in ya cika wata 3 sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, a ƙasar nan ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, har ranar 28 ga Satumba aka ware duk shekara don wayar da kai a kan ciwon. Akwai kuma wata allurar ta haɗin cututtukan kwikwiyo, ciki har da fabo mai sa zawon jini, ita sau uku ake yi sati 3 zuwa 4 tsakani har ya kai wajen sati 16. Likita ya riga ya yi masa ta farko, ya ba mu kati da kwanan wata da sitikar kwalbar a manne. Wani mutum ya taɓa zuwa ƙofar gida a babur wai yana yi wa karnuka allura da araha, na ce mu ga maganin sai ya zaro kwalba daga aljihun gaban riga da tsakar rana. Na sallame shi. Allurar rigakafi in ba daga firij ko kula mai ƙanƙara ta fito ba ruwa kawai ake ɗura wa dabba, ka zauna kana ganin ka tsira alhali ba komai.

Ga inda na yi kuskuren. Likita ya ce min kar ya fita waje sai an gama ta uku. Bayan ta biyu da ta hauka na ga ya yi ƙiba ya yi kyau yana ta tsalle, yara suna ta roƙo, wata ranar Asabar na ce su je da shi filin ƙwallon bayanmu da igiya su dawo, filin da karnukan unguwa marasa masu su ke kwana. Kwana 5 bayan nan ya ƙi cin abincin safe. Da rana amai, da yamma zawo, kafin isha'i zawon ya koma jini mai wani irin ƙarni da ban taɓa jin irinsa ba, idanunsa suka faɗa, in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya ba ta komawa. Na kira likita ina jin kunyar abin da zan faɗa masa, bai yi min faɗa ba ya ce a kawo shi yanzu yanzu kar a ba shi komai ta baki. Fabo ce. Ya ce ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, hanjin take ci, abin da ke kashe kwikwiyo shi ne ƙarewar ruwan jiki da ƙwayoyin cutar da ke samun hanya ta hanjin da ya saluɓe, don haka ƙarin ruwa ne da allurar tsai da amai da ta kashe ƙwayoyin cuta, sauran na Allah ne.

Kwana 4 ana yi masa ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafar gaba. Yaron nan kullum daga makaranta ko uniform ba ya cirewa sai in kai shi, ya zauna gefen tebur ya riƙe ƙafar don kar allurar ta goce, yana yi masa magana a hankali a kunne, ni ina daga bakin ƙofa ina jin muryarsa tana tafiya ba tsayawa. A dare na biyu likita ya ja ni gefe ya ce Yaya ka shirya wa yaron zuciya. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Inna da ba ta taɓa ambatar sunansa ba ta leƙo ta ce yaya mai jikin, na ce da sauƙi, ta ce Allah shi ba shi lahiya, abin ga bai san komi ba. Rana ta biyar da safe aka miƙa masa ruwan dafaffen kaza a cokali ya lasa, ya ɗaga kai, wutsiyar ta ɗan motsa sau biyu. Mun wanke ɗakinsa da duk inda ya yi zawo da ruwan bilic, rigar sanyin nan da buhun muka ƙona, don ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba kuma sabulun wanki ba ya kashe ta. Kuɗin jinyar nan ya ninka na dukkan allurorinsa sau da yawa.

Abinci ma sai da muka koya. Da na ɗauka ragowar tuwo da miya za a riƙa zuba masa kamar yadda kowa ke yi, likita ya ce akwai albasa a miyarku? Na ce a Sakkwato kake tambayar albasa. To ashe albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffa, tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsa a hankali har ya rasa jini, tafarnuwa ma haka. Don haka uwargida takan ɗebi nasa tuwon ko shinkafa kafin a sa miya, ni kuma duk sati ina biyawa wajen mahauta in sayo huhu da tumbi da ɗan hanta a dafa da ruwa kawai ba yaji ba magi a raba a leda a sa a firij, wani lokaci kan kifi ko dafaffen ƙwai. Ƙashin kaza dafaffe ba a ba shi, tsagewa yake kamar tsinke ya huda hanji. Mushe ko kusa. Sau 3 a rana har ya kai wata 6, yanzu sau 2. Kuma don Allah kar wanda ya ga karensa ba lafiya ya ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane.

Horo kuwa yaron ne ya yi kusan duka. Kalma uku muka fara da su, zo, zauna, bari, minti 5 safe minti 5 yamma da ɗan guntun hanta a hannu, in ya yi daidai a ba shi nan take. Gajerun kalmomin nan fes suke fita a bakin yaron. Ba zan ce in'inarsa ta warke ba, tana nan, amma yanzu yana da labarin da yake ɗokin bayarwa, kuma yaran unguwa biyu da suka fara leƙowa kallon kare yana zama da umarni sun zama abokansa. Mutane da yawa sun ba ni shawara wai in ina son ya yi zafi in kulle shi a duhu kar ya ga mutane, in riƙa sa masa barkono a abinci, in riƙa dukansa. Ban yi ko ɗaya ba kuma ina ganin zalunci ne. Karen da aka yi wa haka ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci, shi ne wanda ke yaga yaro ranar da ya tsinke.

Abin da ya fi ba mu wahala almajirai ne. Yaro da yagaggiyar riga da roba a hannu yana tsaye bakin get, da alama irin waɗanda suka ja shi a juji yake tunawa, sai ya haukace da haushi gashin bayansa ya miƙe, almajiran suka daina zuwa, Inna ta ce ba za a kore mata masu bara daga gida saboda kare ba, kuma gaskiyarta. Sai muka samu biyu daga cikinsu da suka saba da mu, da izinin malaminsu, kullum in sun zo ina riƙe da igiyarsa daga nesa su jefo masa ɗan nama, kowace rana mu ɗan matso. Ya ɗauki wajen sati 6. Yanzu in sun yi sallama haushi ɗaya yake yi ya koma ya kwanta, duk da haka lokacin bara a baya yake zama.

Lokacin famfara ya cinye silifas ɗin gidan nan da tiyon ban ruwa, Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi, sai muka riƙa rataye takalma muka ba shi igiyar da aka ƙulla ya yi ta tauna. Ya kuma kashe ɗan tsakon maƙwabcin nan da ya yi maganar kajinsa, ta magudanar ruwa ya shigo, na je har gida na ba shi haƙuri na biya na sa raga a magudanar. Sai kuma ranar da Auta ta ja masa wutsiya yana cin abinci ya juyo haƙori ya karce ta a hannu. Duk da yana da allura ba mu zauna ba, muka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur ina duba agogo, muka tafi asibiti da katinsa, aka fara mata allurar rigakafi aka ce a sa ido a kansa kwana 10. Lafiya lau ya wuce su. Tun ranar ba mai zuwa kusa da shi in yana ci, kuma ba a barin Auta da shi su kaɗai ko na minti ɗaya.

Da bazara ta shigo zafi ya haura 40 sai ka ga ya zaro harshe yana haki, kare ba ya gumi ta fata kamar mu, ta hakin nan yake huce jiki. Ruwan randa muke zuba masa sau uku a rana, mu jiƙa yashin gindin dogonyaron ya haƙa rami ya kwanta. Yawo bayan sallar asuba ne ko gab da magariba, kullum da igiya, kuma nakan ɗora bayan hannuna a kwalta, in ban iya jurewa ba shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. Da damina kaska ce, duk yamma yaron yakan duba cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya ya cire, da maganin da likita ke bayarwa. Wani ya ce in shafa masa fiya-fiya, Allah ya sa na tambaya, likita ya ce ya ga karnuka da yawa da wannan ya kashe. Maganin tsutsa yanzu duk wata 3. Maganar fiɗiya likita ya kawo ta don ya rage son fita neman mace, har yanzu muna shawara.

Wani dare cikin damina ina Illela uwargida ta kira ni wajen ƙarfe 2 ta ce Toka na ta wani irin haushi a bangon baya wanda ba ta taɓa ji ba, ta kunna fitilar sola ta kira maƙwabci. Da gari ya waye aka ga bulo uku an jera a jikin katangar ta waje da sawun takalmi a laka. Ba abin da aka ɗauka.

Inna har yau ba ta taɓa shi ba, kuma har yau bai taka bakin ƙofarta ba, in ta fito alwala sai ya tsaya daidai inda siminti ya ƙare ya zauna yana kaɗa wutsiya. Amma ƙanzon tukunya ita ke ware masa kafin a sa miya, in rana ta take kuma ita ke ƙwala wa yara kira, ku duba ko wanga bawan Allah na da ruwa. Katinsa yana cikin ledar da nake ajiye katin rigakafin yara, allurar hauka ta gaba farkon Janairu ce, shekaranjiya ma sai da ta tambaye ni ko watan bai kama ba tukuna.